Yaron yana da baiwar ƙwallon kwando, malaminsa ya ce karatu ne gaba

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Arewa ne, shekarata 11 a Amurka. Shekara 4 ke nan ina koyar da motsa jiki da ƙwallon kwando a wata sakandaren maza ta Yahudawa masu riƙo da addini, irin wadda suke kira yeshiva, a New York. Sun san ni Musulmi ne, suna mutunta ni, har ɗaki suka ware mini inda nake sallah. Akwai wani yaro ɗan shekara 15 da tunda nake ban taɓa horar da mai hannu irin nasa ba. Zai maƙale 'yar hularsa a gashi, ya cusa igiyoyin rigarsa ta addini cikin wando, ya yi jifa 10 daga nesa 8 su shiga. Wata ƙungiya ta waje ta gan shi tana so, amma wasanninsu daga daren Juma'a ne zuwa Lahadi. Malaminsa na addini, wanda yaran ke kira rebbe, ya ce sam, har ya rage masa atisaye daga kwana 3 zuwa 1 a mako, wai karatunsa na Talmud, babban littafin fiƙihu da hikayoyin malamansu na da, ya ja baya. Uban yana bayan malamin, uwar ta yi shiru. Raina ya ɓaci, na tare malamin a baranda gaban ɗalibai na ce masa yana binne baiwar da Allah ya ba yaro. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yanzu yaron ya roƙe ni in ɗauke shi a motata ranar Asabar mai zuwa mu je gwaji ba da sanin kowa ba. Ni ma ina yaro mahaifina ya hana ni zuwa wani sansanin horo, har yau abin yana cina. In kai shi ne? Ko in ajiye aikin in huta da ganin takaici?

Wani koci, daga New York

Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda Asabar ta kusa, bari in fara da abin da ba zai jira ba: kada ka ɗauki yaron nan a motarka. Ɗan shekara 15 ne, a hannun iyayensa yake, kai kuma makaranta ce ta ba ka amanarsa na wasu sa'o'i. Ka fi ni sanin ƙasar da kake zaune. Malamin da ya fita da ɗalibi a ɓoye, ba izinin iyaye, aikinsa ne zai fara tafiya, kuma maganar tana iya wuce ofishin shugaban makaranta. Idan ya turguɗe ƙafa a wurin gwajin, wa za ka kira? Wayar gidansu ma a ajiye take ranar.

Ko da ba ruwan doka, ka dubi ranar da ya zaɓa. A wurinsu Shabbat, ko Shabbos kamar yadda za ka ji yaranka na faɗa, tana farawa daga faɗuwar rana ranar Juma'a har duhu ya shiga ranar Asabar, kuma kiyaye ta yana cikin dokoki 10 da suka yi imani an saukar wa Annabi Musa. Malamansu sun ƙidaya nau'in aiki 39 da ba a yi a cikinta, ciki har da kunna wuta, kuma tayar da injin mota yana shiga nan domin mai yake ƙonawa. Yaron da aka haifa a irin gidan nan mai yiwuwa bai taɓa shiga mota ranar Asabar ba tunda ya zo duniya. Ka auna da kanka: a ce ɗanka ne, wani malami da ka yarda da shi ya ja shi a ɓoye ya ba shi abinci da tsakar rana a watan azumi, yana cewa ai don ci gabansa ne. Abin da za ka ji, shi iyayen nan za su ji. Shi kansa yaron, ranar da zafin son ƙwallon ya lafa masa, zai tuna wanda ya riƙe sitiyari a ranar farko da ya karya Asabar.

Na yarda da kai cewa yaron yana da baiwa. Kai ne masanin wannan fanni, kuma tausayin da kake ji na gaskiya ne. Sai dai ka yi wa malamin nan fassarar da ba na jin ta dace da shi, kuma muddin ba ka gane abin da yake tsoro ba, duk maganar da za ka yi masa iska ce za ta kwashe.

Akwai kalmar da na tabbata ka sha ji a barandar makarantarku, bitul Torah, wato ɓata lokacin da ya kamata a ba karatun Attaura. A tarbiyyar yeshiva karatun kansa ibada ne, kuma shekarun samartaka su ne lokacin da ake zuba harsashi. Idan rebbe ya ga yaro ya iso darasin safe yana gyangyaɗi, abokin karatunsa yana jan shafi shi kuma hankalinsa na kan wasan jiya, a idonsa asara ce ake tafkawa wadda ba ta da diyya. Kai kana ganin hannu mai jifa, shi yana ganin kai mai ɗaukar karatu, kuma kowannenku tsoron ɓarnar baiwa yake yi.

Bayan wannan akwai tsohon tabo. Wajen shekara 175 kafin haihuwar Annabi Isa, a zamanin sarkin Girkawa Antiyokus na 4, wani babban limami mai suna Jason ya gina filin motsa jiki irin na Girkawa a Birnin Ƙudus, har aka ruwaito cewa masu hidimar ɗakin ibada suna barin aikinsu su tafi filin kokawa. Ta wannan ƙofa al'adar baƙi ta shiga musu, rikicin ya kai ga tawayen Makabiyawa, wanda suke tunawa duk shekara da bikin Hanukkah, lokacin da ka ga an jera fitilu a tagogi. Daga baya, zamanin Rumawa, Talmud ya kira zaman filin kallo majalisar masu izgili, yana jan ayar farko ta Zabura. A filayen nan fa mutane ake zubawa su kashe juna ko a sake musu namun daji. Duk da haka an samu wani malami, Rabbi Natan, da ya halatta zuwa, saboda mai kallo yana iya ɗaga murya ya ceci ran wanda za a kashe, ko ya ba da shaidar mutuwar wani don matarsa ta samu damar sake aure. Ka ga tun can saɓanin yana nan a tsakaninsu.

Labarin da na fi so ka riƙe shi ne na Resh Lakish, domin ina kyautata zaton malamin nan ya san shi kamar sunansa. Ƙaƙƙarfan mutum ne, Talmud ya ambaci cewa ya taɓa sayar da kansa ga masu shirya faɗan fili. Wata rana ya hango Rabbi Yohanan yana wanka a Kogin Urdun, ya yi tsalle ɗaya ya faɗa ruwan ya iske shi. Da malamin ya ga wannan tsalle sai ya ce masa: ƙarfin nan naka na Attaura ne. Ya ja shi ya karantar da shi, ya aura masa ƙanwarsa, har ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman zamaninsa. Da wannan ido rebbe yake kallon yaronka idan ya tashi sama da ƙwallo. Ya ga ƙarfin sarai, so yake ya juya shi wani wajen. Shi ya sa kalmar binnewa da ka yi amfani da ita ta yi masa ciwo.

Amma al'adarsu ba ta tsaya nan ba, kuma a nan kake da wurin tsayawa. Musa bin Maimun, wanda suke kira Rambam, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus da ya rasu a Masar a 1204, likita ne kuma yana cikin manyan malaman fiƙihunsu. A cikin littafinsa na hukunce-hukunce ya rubuta cewa kiyaye lafiyar jiki yana cikin hanyoyin bauta, kuma mai motsa jiki yana wahalar da shi, bai cika ciki ba, cuta ba ta saurin kama shi. Rabbi Abraham Isaac Kook ya yabi motsa jikin matasa a wani littafi da ya fitar a 1920, har wasu malaman Ƙudus suka yi masa ca. Rabbi Moshe Feinstein, wanda ya rayu a nan New York ɗinku ya rasu a 1986, kuma masu tsananin riƙo ke girmama fatawarsa, bai so zuwa kallon wasa a filaye ba, amma ya halatta wa mutum ya nemi abinci da buga ƙwallo duk da ɗan haɗarin rauni da ke ciki. Rabbi Nosson Tzvi Finkel kuwa, wanda ya shugabanci yeshivar Mir ta Ƙudus mai dubban ɗalibai har rasuwarsa a 2011, a Chicago ya tashi kuma ya buga ƙwallon kwando yana sakandare. Na jero maka su ne don ka san ƙofar ba a kulle take ba. Ban jero su don ka je ka karanta wa malami littafinsa ba. Baƙo ya zo yana kafa wa mai gida hujja da littafin gidansu, ko da gaskiyarsa, ba a cika saurarensa ba. Tambaya za ka yi, ka bar shi ya kawo sunayen da bakinsa.

Abin da nake so ka yi shi ne ka raba matsalar gida biyu, domin ka dunƙule ta wuri guda. Wasan Asabar hukunci ne, kuma a makaranta irin taku ba rebbe ɗin da zai sassauta. Gaskiya ne littafin fiƙihunsu na ƙarni na 16, Shulhan Arukh, ya hana wasa da ƙwallo ranar Asabar, malamin Krakow da ya yi masa ta'aliƙi kuma ya ce akwai masu halattawa, amma wannan maganar wasan yara ce a tsakar gida, ba gasar da ake shiga mota a je wata jiha ba. Rage atisaye daga kwana 3 zuwa 1 kuwa ba hukunci ba ne, ganin malami ne game da ɗalibinsa, kuma ganin malami yana canzawa idan dalilinsa ya kau. Ka saki ta farko gaba ɗaya, ka zuba ƙarfinka a ta biyu.

Kafin komai sai ka gyara abin da ka ɓata a baranda. Ka yi wa mutum faɗa gaban ɗalibansa, kuma a wurinsu kunyata mutum a bainar jama'a babban laifi ne, har malamansu sun kwatanta shi da zubar da jini. Mu ma ai mun san nauyin cin fuskar malami gaban almajiransa. Ka nemi ganinsa a ofis, ku biyu, ka ce ka yi kuskure a wurin da ka yi maganar da kuma kalmar da ka zaɓa, ka tsaya nan. Kada ka liƙa wa ban haƙurin wani amma. Idan ka samu dama ka gaishe shi da girmamawa gaban yaran da suka ji faɗan, ka yi, su ma su gani.

Bayan kwana biyu ka koma da tambaya: me yake so ya gani a karatun yaron kafin ya mayar masa da kwanakinsa? Ka roƙe shi ya faɗi abu takamaimai, ko makin jarrabawa ne, ko zuwa addu'ar safe a kan lokaci, ko zama da abokin karatunsa ba fashi. Sannan ka ba shi abin da kai kaɗai ke da shi. Yaron nan yana jin maganarka fiye da ta kowa a yanzu. Ka ce wa rebbe duk makon da ya ce karatu bai yi ba, kai da kanka za ka zaunar da yaron a benci, ba sai an aiko maka ba. Ku yi yarjejeniyar mako 6, a ƙara masa kwana ɗaya, a duba. Yawancin malaman da ke ɗari-ɗari da wasa tsoronsu shi ne a samu wani sarki na biyu a zuciyar ɗalibi. Ranar da ya ga kocin yana tura masa yaro aji, lissafinsa zai canza. Kuma ka gayyace shi ya leƙo atisaye ko na minti 10 ne. Akwai yaran da a aji ba sa buɗe baki, a fili kuwa su ne masu ɗaga wanda ya faɗi, kuma malamin da ya damu da halin ɗalibansa zai so ya ga wannan.

Game da iyayen, shirun uwar kada ya ruɗe ka ka nemi jan ta gefenka, raba kan gida ne wannan. Ka nemi zama da su biyun ta hannun makaranta, ka faɗa musu gaskiyar abin da ka gani a ɗansu, sannan ka shimfiɗa musu hanyoyin da ba sa taɓa Asabar. Akwai gasar makarantun yeshiva ta yankin New York da ke tsara wasanninta a ranakun mako da bayan fitar Shabbat, wadda a tsakiyar hunturunku take ƙarewa kafin ƙarfe 6 na yamma. Jami'ar Yeshiva tana shirya gasar Sarachek duk shekara ga makarantun Yahudawa na sakandare, kuma ƙungiyar jami'ar, da ba ta wasa ranar Asabar, ta ci wasa 50 a jere kafin a doke ta a ƙarshen Disamba 2021. Akwai sansanonin hutun bazara na Yahudawa da ke haɗa karatu da ƙwallo. Ita ma ƙungiyar wajen, ba laifi uban ya tambaye su ko za su karɓi yaro mai zuwa atisayen tsakiyar mako da wasan Lahadi kaɗai. Idan da gaske hannunsa ya kai yadda ka ce, wataƙila su yarda. An taɓa matsa wa masu gasa sun gyara jadawali: a 2012 aka sa wa makarantar Beren ta Houston wasan kusa da na ƙarshe a daren Juma'a, yaran suka ce ba za su buga ba, sai da magana ta kai kotu aka sauya lokacin, suka buga suka kai wasan ƙarshe. Amma ka lura, iyaye da ɗalibai ne suka yi wannan fafutuka a fili, da sunan kiyaye Asabar ɗinsu.

Zan kuma roƙe ka ka faɗa wa yaron gaskiya game da nisan hanyar, domin ina jin a zuciyarka ka riga ka kai shi NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Tamir Goodman na Baltimore yana sakandare a 1999 jaridu suka yi ta kiransa Jordan na Yahudawa, suna kwatanta shi da shahararren ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan. Jami'ar Maryland ta ba shi gurbi, maganar Asabar ta raba su, ya tafi Jami'ar Towson inda aka gyara masa jadawali, daga baya ya koma Isra'ila ya buga a can. Ryan Turell na Jami'ar Yeshiva ya shiga ƙaramar gasar NBA a 2022 da hularsa a ka, yana takawa da ƙafa zuwa fili idan wasa ya faɗo a Shabbat, kuma ba duk malamansu ne suka gamsu da wannan mafita ba. Rebbe ya san labaran nan, ya kuma san yara nawa ne masu hannu da ba a taɓa jin sunansu ba. Idan yana tsoron yaro ya saki na hannu ya kama na tsuntsun sama, tsoron yana da tushe.

Sai maganar mahaifinka. Na ji zafinta a layin da ka rubuta, kuma ba zan ce maka ka manta ba. Amma ka tambayi kanka cikin dare, kai kaɗai: a baranda ran nan, da wa kake faɗa? Ina zargin rabin maganar ta tsohonka ce, malamin nan ya karɓa a madadinsa. Yaron ba kai ba ne, kuma ba a kansa za a rama maka. Watakila ya girma ya zama ɗan wasa, watakila ya zama malami mai tara samari a fili bayan darasi, watakila a shekara 18 ya zaɓi wata hanya dabam da ƙafarsa. Wannan zaɓin nasa ne idan lokacinsa ya yi.

Ajiye aiki ban ga dalilinsa ba yanzu. Mutanen da suka ware maka ɗakin sallah sun san darajar mai addini, kuma idan ka tafi yaron ya rasa babba guda da ke ganin wannan ɓangare nasa. Idan ka yi duk wannan har ƙarshen shekara malamin bai motsa ba, ka riƙe kwana ɗayan nan ka cika shi da aiki mai kyau, ka rubuta wa yaron atisayen da zai riƙa yi shi kaɗai a unguwa da sanin uban. Idan kuma ka ga zuciyarka ba za ta ɗauka ba, akwai makarantun Yahudawa masu sassauci a kan wasanni da ke neman koci irinka, sai ka tafi da sallama bayan an rufe zango.

Shi kuwa yaron, kada ka bari sai Juma'a. Gobe bayan atisaye ka tsayar da shi a bakin fili, inda ake ganinku, ka ce masa ba za ka kai shi ba, kuma dalilinka shi ne kana girmama Asabar ɗinsa da iyayensa kamar yadda kake so a girmama sallarka. Ka ce masa ka fara magana da rebbe a kan kwanakinsa, kuma rabin aikin yana hannunsa a darasin safe. Ka ƙarfafa masa ya faɗa wa babansa da bakinsa irin son da yake yi wa wasan nan, har da cewa ya kai ga tunanin fita a ɓoye, ka ce za ka zauna kusa da shi idan yana so. Idan ka ga alamar zai nemi wani ya kai shi, ka gaya masa tun yanzu cewa ba za ka rufa wannan ba. Zai yi fushi, mai yiwuwa ya jefar da ƙwallon ya fita. Ka bar shi ya fita, a atisaye na gaba ka kira sunansa a farkon layi kamar kullum. Ka rubuto mini bayan mako 6 ɗin in ji yadda zamanku da malamin ya kasance.